Yashi a Kan Gado, Gwaggo a Ƙasa

Ranar da aka yi ruwan farko na damina, ɗan ƙanen Gwaggo ya shigo ɗakinta da wata 'yar farar leda a hannu. Ya tsuguna a tsakar ɗakin, ya shimfiɗa ledar a kan daɓen siminti, ya manne gefunanta, ya ce kada kowa ya taɓa. Washegari da hantsi ya dawo ya ɓamɓare ta. Ƙarƙashinta ya yi raɓa ɗigo-ɗigo kamar cikin murfin tukunya.

"Kin gani ko, Gwaggo? Daɓen nan yana tsatso ruwa daga ƙasa. Duk abin da ya kwana a kansa sai ya sha danshi."

Gwaggo ta ji daɗi har cikin ranta. Ta ce a zuci ashe yaron nan yana lura da ita, ashe goyon da ta yi masa tun ranar da uwarsa ta rasu bai faɗi ƙasa banza ba. Har ta buɗe baki za ta sa masa albarka, sai ya leƙa waje ya ce wa leburorin da ya zo da su su shigo da kayan. Suka shigo da buhunan yashi suna nishi.

"A kan gado za ku jera su," in ji shi. "Ku sauko da katifar tukuna."

"A kan gadon wa?" Gwaggo ta tambaya.

"Na ɗan kwana biyu ne, Gwaggo, kafin na samu shago. Yashin nan idan ya taɓa ƙasa ya lalace. Ke kuwa ai ga katifarki, ba abin da ya ragu."

Haka aka yi. Gadon ƙarfen da ta zo da shi gidan, wanda shi kaɗai ne abin da za ta nuna a duniya ta ce nata ne, ya koma na yashi. Ita kuma aka shimfiɗa mata katifa a daidai wurin da ledar ta yi raɓa.

Aikinsa gwajin ƙasa ne. Idan masu gina titi suka zuba marmara, rola ta bi ta kai ta danne, ba a ƙara komai a sama sai shi ya zo ya ce ta dannu. Yakan haƙa ɗan rami a jikin titin, ya kwashe ƙasar ya auna nauyinta, sannan ya kifa wata gora mai mazurari cike da yashi a bakin ramin, ya buɗe, yashin ya zurara har ramin ya cika. Yawan yashin da ramin ya sha shi ke faɗa masa girman ramin, daga nan yake gane ko ƙasar ta matsu ko da sauran iska a cikinta. Idan ba ta kai ba, magana ɗaya ce a bakinsa: a sake. Ɗan kwangila ya yi roƙo, ya yi zagi, ya kira iyayensa, duk ɗaya. Har leburori suka laƙa masa sunan A-Sake, ya bi shi har gida, kuma yana jin daɗin sunan.

Shi wannan yashi ba irin wanda tifa ke jibgewa a bakin gini ba ne. Sai an wanke shi, an busar, an tankaɗe, ƙwayoyinsa sun zama kai ɗaya. Idan ya sha danshi ko kaɗan sai ya dunƙule ya ƙi zurara, gwaji ya fito ƙarya. Da A-Sake yana aiki a kamfani, akwai ɗaki guda da ma'aikata na wannan hidima. Da ya bar kamfanin ya fara cin gashin kansa, sai ya duba gidansa ya ga akwai tsohuwa da ke zaune, hannu biyu lafiya lau.

Kullum da yamma yashin yakan dawo daga wurin aiki ya cakuɗe da jar ƙasa. Gwaggo ce za ta wanke shi a baho har ruwan ya fita fari. Da yake damina ce ba rana, sai ta hura gawayi ta ɗora babban kasko ta soya shi tana juyawa har ya bushe ƙarau. Idan ya huce ta zuba a rariya babba, sannan ƙarama, tana girgizawa. Wanda ya tsaya tsakanin rariyoyin biyu shi ne na aiki. Bayan yashi kuma akwai ƙullin ƙasa da tsakuwa da yake kawowa daga titi, su ma a soya su ruwan jikinsu ya fita, ya auna. Duk wannan a cikin ɗakinta ake yi, ƙofa a rufe, taga a rufe, domin ya ce iska tana kwashe garin ƙasar, ma'auni ya ba shi lissafin banza.

Da farko har wasa take yi da abin. Idan ya shigo takan ce, "Ga abincin angon nan na soya, saura miya." Ya yi dariya ya cusa hannu cikin buhu, ya damƙo yashi ya sake shi yana kallon yadda yake zubowa ta tsakanin yatsunsa. Wannan ita ce gaisuwarsa ta farko duk sanda ya shigo ɗakin. Sai ya tabbatar yashi na lafiya, sannan ya juyo ya ce, "Gwaggo, an wuni lafiya?"

Tari ya fara mata a hankali, irin wanda mutum ke cewa ƙaiƙayin maƙogwaro ne. Da safe idan ta ɗaga katifar sai ta ga ƙasanta ya yi duhu, yana warin ruma. Ta jingina ta da bango ta sha iska, amma ina iskar take a ɗakin da ba a buɗe taga? Ƙura ta kwanta a kan komai, a kan kofinta, a kan carbinta, a cikin gashin girarta. Idan ta fyace hanci ja yake fitowa. Gwiwoyinta suka fara ƙin miƙewa, sai ta dafa ƙafar gadon take iya tashi.

Wata safiya Gwaggo ta tari matar gidan, wato matar A-Sake, tana shirin fita makarantar da take koyarwa.

"'Yar nan, ko za a mayar da buhunan nan falo? Na ga can akwai tebur."

Matar ta tsaya da mayafi a hannu. "Falo kuma, Gwaggo? Inda baƙi ke zama? Ga yara, kin san ƙaramin nan ƙirjinsa ba ya son ƙura ko kaɗan. Likita ma ya ce a nisanta shi da ita."

"To nawa ƙirjin fa?"

"Haba Gwaggo, ke ai babba ce, jikinki ya saba. Mutanen da ai ba irinmu ba ne, ku da kuka yi daka da surfe. Wallahi ni har sha'awa kike ba ni, wasu tsofaffin suna nan zaune sai gulma da ciwon ƙafa. Wannan aikin ai motsa jiki ne a gare ki."

Ta faɗi haka da fara'arta, ta ce a yi mata addu'a ta makara, ta fita. Ita fa ba ta taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba, kuma abinci ba ya wuce lokacinsa. Sai dai tun da yashi ya shiga ɗakin, daga bakin ƙofa take ajiye kwanon, ta kuma hana 'ya'yanta shiga.

Akwai wata mai ɗinki a gidan da ke jikin nasu, mace mai baki, wadda takan leƙo su yi hira. Ta kwana biyu ba ta ga Gwaggo a tsakar gida ba, sai ta zo ta tura ƙofar ɗakin. Hayaƙin gawayi da ƙura suka tare ta, ta ja da baya tana tari.

"Innalillahi! Gwaggo, me nake gani? Ke ce a ƙasa, yashi a kan gado?"

"Rufe ƙofar, iska za ta shigo."

"Iskar ce ba a so ta shigo? To ke me kike shaƙa?"

"Na ɗan lokaci ne. Shago yake nema."

"Shagon da ake nema tun farkon damina? Ga shi har masara ta yi goyo a bayan gidanku. Wallahi ko akuya ce tawa ba zan kwantar da ita a wannan daɓen ba."

Gwaggo ta ji kunya ta rufe ta, kamar ita ce ta yi laifin. Ta shiga kare shi. Ta ce yaron kirki ne, bai taɓa cin haram ba, titin da ya sa wa hannu ba ya fashewa. Tana cikin yabon nasa tari ya sarƙe ta, ta kife a kan rariya har hawaye suka zubo. Mai ɗinki ta miƙe tsaye. Ta ɗauko mata mayafi, ta kashe gawayin da ruwa, ta ce ko ta tashi su tafi asibiti ko ta tara mata mutanen unguwa.

Likita ya ɗora abin sauraro a bayanta ya daɗe yana ji. Ya tambaye ta ko a wurin fasa dutse take aiki. Mai ɗinki ta yi wata dariya marar daɗi ta ce a'a, a ɗakin kwananta take aiki. Ya rubuta magani, sannan ya ajiye biro ya dubi Gwaggo.

"Mama, maganin nan ba zai yi miki komai ba idan kika koma cikin ƙurar nan. Huhunki ya riga ya taɓu, ga sanyi ya shige shi. Ki daina kwana a ƙasa daga yau. A kan gado, a ɗaki mai iska. Kina da wanda zai kula da ke?"

"Ina da ɗa," in ji Gwaggo.

Da A-Sake ya dawo ya ji inda aka je, bai fara tambayar abin da likita ya gani ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sha mur.

"Yanzu Gwaggo sai ki bari wata can ta ɗauke ki ta kai ki bainar jama'a, a ce ba na kula da ke? Da kin faɗa mini ai da na kai ki da kaina."

"Na faɗa maka ina tari."

"Kowa ma yana tari da damina. Ni da nake wuni a bayan rola, ƙurar da nake sha ta fi wannan sau nawa? Ƙasa ce fa, ba guba ba ce. Su likitocin nan ba su san aikinmu ba, da sun ji an ce ƙura shi ke nan."

"Ya ce na koma kan gado."

"Za ki koma. Na riga na yi magana da kafinta zai haɗa benci mai tsawo, a kwashe buhunan a mayar can. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

Washegari ya kawo mata takunkumin rufe hanci, sabo fil a cikin ledarsa, ya ɗaura mata da hannunsa, ya ja baya ya dube ta ya ce ta zama cikakkiyar ma'aikaciya. Idan ta sa shi numfashi ba ya isarta, idan ta cire ƙura ta shiga. Mai ɗinki kuwa aka aika mata cewa ta tsaya a kan kekenta, gidan nan yana da mai shi.

Daga nan Gwaggo ta sa ran benci. Duk sanda ta ji ana buga ƙusa a unguwa sai ta kasa kunne. Ta fara kallon gadonta kamar wani ɗan'uwa da ya yi tafiya ana jiran dawowarsa. Idan ta idar da salla a zaune, domin tsayuwa ta fara gagararta, har da benci take sawa a addu'a, sai kuma ta ji kunyar Ubangiji a kan ƙanƙantar abin da take roƙo.

Wata ranar hutu suna zaune a tsakar gida bayan cin abincin rana, an fito da ita ta sha iska, A-Sake yana ba matarsa labarin wurin aiki yana ta annashuwa. Ya ce wani ɗan kwangila ya danne ƙasa tana jiƙe sharkaf, yana gaggawar zuba kwalta kafin manya su zo dubawa.

"Na ce masa a sake. Ya kama hannuna yana cewa ai daga sama ba wanda zai gani. Na ce ni na gani. Ruwan da ka rufe a ƙarƙashi ba ya tafiya ko'ina, yana nan yana cin titin a hankali, wata rana mota ta faɗa da mutane a ciki. Rayukan jama'a ne fa. Ni ba zan kwana da haƙƙin kowa a wuyana ba."

Matar ta ce Allah ya ƙara tsare shi. Gwaggo ma ta ce amin, domin gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta koya masa tsoron haƙƙi tun yana ɗan mitsitsi. Sai dai amin ɗin ta fito mata da ɗaci. Ta dube shi ta ga ko gezau, bai ji komai a maganar tasa da ya shafi gidansa ba.

Benci ya iso ana sauran kwanaki kaɗan damina ta kai tsakiyarta. Kafinta ya shigo da shi ya jingina da bangon da ke fuskantar gadon, dogo, mai ƙafafu masu kauri, yana ƙamshin sabon katako. Gwaggo ta rarrafa ta naɗe katifarta da kanta, ta ɗaure ta da igiya tana haki, don kada a ce ita ta ja jinkiri. Ta zauna a kai tana jira. La'asar sakaliya mota ta tsaya a ƙofar gida, leburori suka fara shigo da sababbin buhuna, na marmara, na tsakuwa manya da ƙanana, suna jerawa a kan bencin har ya cika maƙil.

"Gwaggo, ki taya ni murna," in ji A-Sake. "An ba ni gwajin wani sabon titi gaba ɗayansa. Wannan addu'arki ce."

"Bencin fa?"

"Ai kin ga yadda Allah ya tsara, da ba a haɗa shi ba ina zan zuba waɗannan? Zan sa ya haɗa wani."

Bayan sun fita ta kwance igiyar ta sake shimfiɗa katifar. Yanzu wurin da ya rage mata siririn lungu ne tsakanin gado da benci, buhuna ta dama, buhuna ta hagu. Ta kwanta ta yi kuka, ba mai sauti ba, domin kuka mai sauti yana tayar mata da tari.

Zazzaɓi ya fara zuwar mata da rana tsaka. Wata azahar, gidan ba kowa, sanyin daɓen ya ratsa katifar ya shige ƙashin bayanta har haƙoranta na haɗuwa. Ta dubi gadon. Ta ce a ranta ai nata ne, ba sata za ta yi ba. Ta kama buhu ɗaya na gefe ta ja shi da ɗan ƙarfin da ya rage mata har ya faɗo ƙasa, ta hau ta lanƙwashe a gurbinsa a kan ƙarfen gadon tsurarsa. Ta daɗe rabonta da barci mai daɗin wannan. Da ta farka ta yi ta fama ta mayar da buhun, ya fi ƙarfinta. Da yake ranar A-Sake bai leƙo ɗakin ba, ta bar shi a ƙasa ya kwana, da asuba ta roƙi matar gidan ta kama mata suka ɗora.

A cikin wannan buhun A-Sake ya cika gorarsa da safe yana sauri, ranar ce kaɗai bai cusa hannu ya ji ba. Ya dawo tun kafin la'asar, fuska a murtuke. Bai yi sallama ba.

"Wa ya sauke yashin nan ƙasa?"

Matarsa daga tsakar gida ta ce ita dai an ce ta kama ne ta kama.

"A gaban injiniya, Gwaggo! A gaban ɗan kwangilar da na sa ya sake aiki! Na buɗe gora yashi ya toshe a mazurari ya ƙi sauka. Leburori suna dariya suna ce mini a sake. Ni! Sunan da na yi shekaru ina ginawa, kin zubar da shi saboda barcin rana."

"Sanyi nake ji, ɗana."

"Sai ki ce a ƙara miki bargo! Da wannan yashin ake ci a gidan nan, da shi ake sayen maganin naki. Me na rage ki da shi? Wa ya ɗauke ki lokacin da kowa ya ce ba shi da wuri? Abu ɗaya na roƙe ki, ɗaya tak."

Wannan maganar ta wa ya ɗauke ki ita ce ta gama da ita. Ba ta haifi nata ba, shi ne ɗan. Ta tuna yadda, yana ƙarami, ta riƙa juya shi daga inda ya jiƙa shimfiɗa ta mayar da shi busasshen wuri ita ta kwanta a jiƙaƙƙen, amma ba ta faɗa ba, don ta san idan ta faɗa zai ce gori take yi masa. Ta ce ya yafe mata, ba za ta ƙara ba. Da yamma ya aiko mata da bargo mai kauri, aka ajiye a bakin ƙofa.

Bayan wannan ba ta ƙara roƙon komai ba. Tana soya ƙasa tana tankaɗe a zaune, idan numfashi ya ɗauke ta jingina da buhu har ya dawo. Abinci yana komawa kusan yadda ya zo, matar gidan tana cewa tsufa ne, tsofaffi ba sa cin abinci da yawa.

Ranar da abin ya faru, kowa ya fita tun safe. Wajen azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙarfi, ta ɗaga gefen kwanon rufin ɗakin. Ruwa ya kece. Ɗigon farko a kan buhun yashi ya faɗo, na biyu ma haka, kafin ka ce me ya zama tsiyaya a kan gadon, wata tsiyayar kuma a kan katifarta.

Gwaggo tana kwance cikin bargo, jikinta zafi rau. Ta ga ruwan yana sauka a kan buhu. Ba ta yi tunanin komai ba sai fuskarsa a bakin ƙofa. Ta yaye bargon ta miƙe da rarrafe ta shimfiɗa shi a kan buhunan. Ta ga ruwa zai ratsa, ta janyo ledar da ke ƙarƙashin katifarta, wadda ita ce kaɗai ke tsakaninta da daɓen, ta rufa a sama. Ta kwance mayafinta ta cusa a gefen da ya rage. Ta ɗora baho a inda tsiyayar ta fi ƙarfi, idan ya cika ta ja shi ta zubar a bakin ƙofa ta dawo da shi. Ta yi ta yi har hannunta ya daina ɗaukar bahon. Daga nan ta zame a lungunta, a kan katifar da ta zama soso, ruwa yana sauka a kafaɗarta, ta kasa matsawa.

Ana gab da magariba ruwan ya tsagaita. Ta ji tsayuwar babur, ta ji gudunsa a tsakar gida, ta ji ya banko ƙofa. Ya tsallake ƙafafunta. Ya yaye ledar, ya yaye bargon, ya kwance bakin buhun farko ya cusa hannu har gwiwar hannu. Ya damƙo yashi ya sake shi, ya zubo shar ta tsakanin yatsunsa.

"Alhamdulillahi! Bai jiƙe ba. Gwaggo, Allah ya yi miki albarka, wallahi kin ceci aikina."

Tana kallonsa daga ƙasa. Haƙoranta suna kaɗawa, zaninta ya manne a jikinta. Ta ɗago hannu da ƙyar ta miƙa masa.

"Ɗana, ni ma taɓa ni ka ji."

Ya dubi hannun nata yana ɗigar ruwa, ya dubi nasa.

"Ina zuwa, Gwaggo. Bari na gama duba sauran, kada hannuna ya jiƙe."

Ta sauke hannun a hankali. Tana ji yana kwance bakin buhu na gaba.

Mai ɗinki ce ta shigo ba da izinin kowa ba, da ta ga rufin ya ɗage, ita ta canja mata zani, ita ta yi ta ihu har aka samo mota. A asibiti aka kwantar da Gwaggo a kan gado mai farin zanin shimfiɗa, kusa da taga a buɗe. Ta shafa katifar da tafin hannunta ta ce wa mai ɗinki, "Busasshiya ce." Ba ta ƙara wata doguwar magana ba, kuma ba ta dawo gidan ba.

Masu zuwa gaisuwa sun cika ƙofar gida, har da injiniyoyi da 'yan kwangila. Kowa yana cewa A-Sake ya yi ƙoƙari, a zamanin nan wa ke riƙe gwaggonsa har ƙarshen ranta? Shi kuma yana share hawaye, kuma hawayen gaske ne, yana cewa tsufa ne da sanyin damina, kwana ya ƙare. Matarsa tana gaya wa mata cewa tsohuwar ba ta son zama haka nan, ko an hana ta aiki ba ta hanuwa. Mai ɗinki tana gefe tana saurare, da ta ji abin ya ishe ta sai ta tashi ta koma gidanta.

Ba wanda zai ce mutumin nan bai sani ba. Wani yana iya cewa bai lura ɗakin tsohuwarsa yana da danshi ba, a yi masa uzuri. Shi da hannunsa ya manna leda a daɓen, da idonsa ya ga raɓar, da bakinsa ya ce duk abin da ya kwana a wurin sai ya sha danshi. Ya auna, ya tabbatar, sannan ya zaɓi wanda zai hau gado.

Kwanon rufin da ya yi watanni yana kaɗawa ba a kula ba, washegarin rasuwar aka kira mai gyara ya buga shi tsaf. An fitar da katifar an jefar a bola, domin ta ruɓe. Buhunan suna nan a kan gadon, a bushe. A-Sake kuma ya fara cigiya a dangi, ko akwai wata dattijuwa da ba ta da wurin zama, ya ce yana da ɗaki.